Ranar da Na Duba Kunnen Jaririya

A gidanmu na Gwandu mu biyu ne mata, ni da ƙanwata. Ni na ɗauko Inna, fara tas, ita kuwa ta ɗauko Baba, baƙa ƙirin. Tun muna yara kowa ya san matsayinsa. In baƙi suka zo, ni ake ba kwanon ruwa in kai musu, ita a ce ta je ta iza wuta. Tsofaffi su riƙe haɓata suna cewa farar mace alkyabbar mata, ita tana tsaye a bakin madafa tana ji. Ni kuma bakina ba ya shiru. Ni na laƙa mata "gindin tukunya", har 'yan islamiyyarmu suka ɗauka. Ba ta taɓa ramawa ba, sai dai ta taya mu dariya. Na daɗe ina cewa ban san yana mata zafi ba. Ƙarya nake, na sani sarai, daɗi yake mini.

Da na yi aure na kama sana'ar kayan mata a ɗakina: humra, turaren wuta, da man shafawa da nake haɗawa da kaina. In sayo mayuka uku ko huɗu masu sa fari, in matse su a roba ɗaya, in dama da man zaitun, in zuba a ƙananan kwalabe. Amare suna rububinsa. Sukan dubi fuskata su ɗauka aikin man ne, ni kuwa ko a yatsa ban taɓa shafa shi ba, kuma ban taɓa gyara musu zato ba.

Ita aurenta ya kai ta Kalgo, gidan wani mai gyaran babur, mutumin kirki, shi ma baƙi. Da ta haihu aka bugo mini waya, washegari na shiga mota na tafi barka. Na iske ɗakin cike da mata, tana zaune a kan katifa ta rungume jaririya, bakinta ya ƙi rufuwa. Ban taɓa ganin ta da irin wannan farin cikin ba.

"Adda, zo ki gani," in ji ta. "Ke ta biyo. Wallahi ke ta biyo!"

Yarinyar jajir take. To amma wace jaririya ce ba ta zuwa jajir? Kowace mace a ɗakin ta san yadda ake ganewa. Ana duba saman kunne ne da gindin farce, launin da ke nan shi ne zai game jiki nan da 'yan makonni. Duk wadda ta karɓi yarinyar ta riga ta saci kallo, ta ce masha Allah, ta ja bakinta ta yi shiru. Sai ni, uwar iya. Na karɓe ta, na ture hularta, na lanƙwasa kunnen zuwa hasken taga yadda kowa zai gani. Baƙi ne, ba ko tantama.

"Ni? Ina! Ki bar yaudarar kanki," na ce. "Tukunya ta haifi tukunya. Ku ba ta wata guda, in aka ajiye ta cikin gawayi sai an lalubo."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har wata tsohuwa tana share hawaye. Ƙanwata ma ta yi dariya. Ta miƙo hannu ta karɓi ɗiyarta, ta mayar mata da hular, ta ce a kawo mini kunu.

Bayan suna ta dawo Gwandu wankan jego wurin Inna. Kwana biyu da zuwanta ta aiko in zo mata da kwalba ɗaya ta haɗina, wai ciki ya bar mata baƙi a wuya. Na kai mata da kaina.

"Wuya kawai?" na ce. "Ke ai sai dai a cika randa ki shiga."

Ta karɓa ta tura ƙarƙashin filo, ta yi godiya.

Wajen mako uku ke nan sai yarinyar ta fara kuka ba dare ba rana, ta ƙi nono. Inna ta ce bakin mutane ne, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ƙanwata ta hana kowa yi mata wanka, kullum a naɗe take cikin zane. Ran da jikin ya yi zafi rau, Inna ta fizge ta da ƙarfi ta warware zanen, ta saki salati. Aka kira ni, na ɗauki mayafi na bi su asibiti a kan babur.

Abin da na gani bai bar idona ba har yau. Kumatun sun saluɓe, wuyan ya tsattsage yana ruwa, fatar bayanta ta yi laushi kamar tumatirin da ya kwana. Muryarta ta dishe, tana buɗe baki kuka ba ya fita. Nas ɗin, wata 'yar Zuru da ta manyanta, ta sunkuya ta sansana jikin, ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ke shafa wa yarinyar nan man bilicin?"

Ta ce ba ita ce ta farko da aka kawo mata haka ba, kuma ta gaji da mu. Ta sake tambayar inda aka samo man. Ni na san ƙamshin tun daga ƙofa, nawa ne. Ƙanwata ta ce a kasuwa ta saya. Aka sa wa yarinyar ruwa, aka ce za ta rayu in Allah ya so, amma tabon kumatu da wuya kada mu sa rai zai tafi.

Na ja ƙanwata waje, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, na sauke mata kwandon masifa. Na ce mata mahaukaciya, na ce mata jaka, na ce wadda ba ta san darajar haihuwa ba Allah bai kamata ya ba ta ba. Na ce ta so ta ja mini a ce haɗina ya kashe jaririya, ta rushe mini sana'a. I, har wannan na faɗa, yarinya na kwance da allura a hannu. Mutane suka tsaya kallo, ban damu ba.

Ta bar ni na gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariyar nan tata ba.

"Adda, safe da yamma nake shafa mata," ta ce. "Tana tsala ihu ina shafawa. Kin ɗauka ba ni jin ihun? Na lissafa ne. Na ce gara ta yi kukan wata guda da ta yi irin nawa."

Na ce wannan ba hujja ba ce, ta ji tsoron Allah.

"Ina jin tsoronsa. Amma ki faɗa mini gaskiya, don girman Allah. Da man ya karɓe ta, da ta yi fari ba ta ƙone ba, ran da muka yi arba'in kika ɗauke ta, mi za ki ce?"

Na buɗe baki in ce da na yi mata faɗa. Ta tsare ni da ido tana jira. Shekara ashirin da wani abu muna ɗaki ɗaya, ta san ni kamar yunwar cikinta.

"Da na ce ta yi kyau," na ce.

"To," in ji ta. Ta gyara ɗaurin zanenta ta koma wurin ɗiyarta.