Rahotannin Rijiyoyi na Anti Tafireta

Kowa a ofishin masu haƙa rijiyoyin burtsatse Anti Tafireta yake ce mata, har shugaban wurin da ya girme ta. Sunan ya samo asali tun zamanin da take bugu da keken rubutu. Keken ya daɗe da komawa ɗakin ajiya gizo-gizo ya tare a ciki, amma sunan yana nan daram.

Tana budurwa ta koyi sana'ar, a wani shago mai benci biyu a bakin titi, wurin wani tsoho mai gajeren haƙuri. Abu ɗaya ya cusa wa 'yan koyonsa: layi ya miƙe, lamba ta zauna daidai ƙarƙashin 'yar'uwarta. Wanda aikinsa ya karkace, rula ce a bayan hannu. Ta sha rular, ta kuma ƙware. Da wannan hannun ta sami aiki, ta auri direban motar ofishin, mutum mai son zolaya, ta haifi 'ya'yanta har ta aurar da su, duk tana kan teburin nan na kusa da taga wanda sai an tokare ƙafarsa guda da kwali.

Aikinta rahotanni ne. Duk rijiyar da aka haƙa, injiniyoyi kan dawo da takardu duk laka, da rubutun da su kansu sai sun ƙura ido. Ita za ta mayar da su tsaf: sunan gari, zurfin rami, irin ƙasar da aka ratsa, inda aka tarar da ruwa da yawan abin da yake bayarwa. In ta fitar da takarda ta ɗaga ta a hasken taga, lambobin sun jeru sumul, ba mai leƙen wani. Tana alfahari da wannan, ba ta kuma ɓoyewa. Sauran masu bugun da suka zo suka wuce duk sun sha faɗanta, don a ganinta aikinsu na ganin dama ne.

Da kwamfuta ta zo, ta karɓe ta ba gardama, sai dai ta ɗauke ta keken rubutu mai fitila. An nuna mata yadda ake sa na'urar ta zana jadawali da kanta, gida-gida, kowace lamba a ɗakinta. Ta taɓe baki ta ce wannan na ragwaye ne. Ita da maɓallin tazara take jera kayanta, tana dannawa tana aunawa da ido har lamba ta sauka inda take so. Ƙarshen kowane layi ta sauke shi da hannu. A takarda ba wanda zai gane bambanci, in ma ya gane nata ya fi kyau. Haka ta yi fiye da shekara ashirin ba wanda ya ce mata kanzil.

Ana nan, saura kaɗan ta yi ritaya, shugaba ya tara ma'aikata ya ce za a zuba tsofaffin rahotanni kaf a rumbun bayanai guda, yadda injiniya zai rubuta sunan gari kawai ya ga zurfin da aka sami ruwa a can, ba sai ya je yana haƙa a makance ba. Aka ɗauko wani mai kwamfuta na wucin gadi, dattijo mai furfura a gemu, marar yawan magana. Ba buɗe fayilolin zai yi ɗaya bayan ɗaya ba, don sun kai dubbai. Umarni ya rubuta wa na'ura ta riƙa shiga cikin kowane fayil da kanta, ta nemo jadawali, ta kwaso abin da ke kowane gida ta ajiye a gurbinsa.

Ranar gwaji Anti ta tsaya a bayansa ta harɗe hannu. Rahotannin matan da ta sha yi wa faɗa suka riƙa shigewa salin-alin. Da aka zo kan nata sai allon ya cika da jan rubutu. Waɗansu suka fito fanko. Waɗansu suka fito kaca-kaca, zurfin rijiya ya faɗa gurbin sunan gari, yashi da tsakuwa sun manne da lamba.

"Na'urarka ba ta da lafiya," in ji ta.

"Lafiyarta ƙalau, Anti. Wa ya buga waɗannan?"

"Ni ce. Duba mana yadda suka miƙe."

Ya danna wani wuri, sai alamomin da ba sa fita a takarda suka bayyana. Shafin ya cika da 'yan ɗige-ɗige, kowane ɗigo dannawarta guda. Ya yi mata bayani a hankali, yana kallon allo don kada ya kalle ta: na'ura ba ta da ido, ba ta san miƙewa ba. Alamun da ke cikin fayil take bi, masu ce mata nan gida ne, nan kan magana ne. A fayilolin Anti babu gida ko ɗaya, dogon zance ne kawai da iska a tsakani.

Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun zamanin rula.

Shugaba bai ja zancen ba. Kwantiragin mai kwamfuta ƙarshen wata zai ƙare, kuma ba mai lokacin sake buga rahotannin shekara ashirin. "Abin da ya shiga ya shiga. Wanda ya ƙi, a bar shi a tsohuwar kwamfutar a kai ɗakin ajiya. Ki yi haƙuri, Anti, ba laifin kowa ba ne."

Ta san ɗakin ajiyar nan sarai, ta kuma san abin da aka kai can ba ya dawowa. Fiye da rabin rijiyoyin ofishin ta hannunta suka bi. Ke nan za ta bar aiki, aikin nata ma ya bi ta a baya.

A gida ta kasa cin abinci. Maigidanta, wanda ya riga ta yin ritaya, ya dube ta ya ce, "Yau kuma wa ya karkata miki layi?" Da ya ga ba ta ko murmusa ba sai ya jawo kujera ya saurara har ta gama ba shi labari.

"To ita na'urar ba a koya mata ne?" ya ce. "Ke da kika koya mini ninke riga, ai ba abin da zai gagare ki."

Washegari ta ja kujerarta zuwa teburin mai kwamfuta. Ya ce akwai hanya, in dai akwai ƙa'ida a yadda take barin tazarar. Za a iya ce wa na'ura: in kin ga fili mai faɗi tsakanin kalmomi, ki ɗauka sabon gida ne. Suka gwada, na shekarun farko suka fara shiga. Can sai abin ya sake rikicewa.

Anti ta ƙura wa allo ido, ta dubi kwanan watan rahoton. Lokacin ne babban yatsanta ya fara ciwo, ta rage danna tazara ta koma maɓallin tsallake, mai barin fili mai faɗi da dannawa guda. Suka ƙara umarni. Gaba kaɗan kuma sunayen garuruwa suka riƙa fitowa rabi-rabi. Nan ma ta tuna: an canza injin fitar da takarda, gefensa ya matse, sai ta riƙa karya dogon suna ta sauke ragowar a layin ƙasa don kada ya ture lambobi. Akwai waɗansu watanni da ƙa'idar ta watse gaba ɗaya, tazara yau uku gobe tara. Mai kwamfuta ya tambayi dalili. Ta ce lokacin mahaifiyarta na kwance asibiti, daga can take zuwa aiki. Bai ƙara tambaya ba, waɗannan da hannu suka gyara su.

Abin ya yi mata nauyi ƙwarai. Ita da take ganin hannunta bai taɓa canzawa ba, ga shi kowace gajiya da kowane ciwo sun bar sawu a inda ta zaci fari ne fes. Kafin wata ya ƙare ta iya buɗe umarnin da kanta, ta sauya lamba, ta sake sakin na'urar, tana bugawa da yatsu biyu kamar 'yar koyo. Mai kwamfuta ya tafi ya bar mata ragowar, ya ce in ta maƙale ta kira shi. Sau da dama ta kira.

Ta gama ana saura mako guda ta ajiye aiki. Ta saki na'urar a kan tarin ƙarshe da hantsi, ta zauna tana jiran jan rubutu, bai zo ba. Wata injiniya ta rubuta sunan wani ƙauye da za su je haƙa, nan take zurfin tsohuwar rijiyar wurin ya fito, da gargaɗin cewa akwai dutse a tsakiya. Ta ce, "Kai, Anti, kin hutar da mu." Anti ta ji daɗi har cikin ranta.

Da yamma maigidan ya zo ɗaukarta, ya ƙi tsayawa a mota. Ya shigo yana gaisawa da tsofaffin abokan aiki, ya tsaya a kanta.

"To nuna mini naki in gani, wanda ya hana mu cin abinci."

Ta buɗe rumbun. Layuka ne birjik, duk harafi iri ɗaya, duk faɗi ɗaya, na kowa da kowa a gauraye bisa jerin sunayen garuruwa. Na'ura ta kwashi kalmomi da lambobi ta zubar da tazarar, kamar yadda ita da kanta ta umarce ta. Ta gangara ƙasa, ta dawo sama.

"Suna ciki, Malam."

"Na sani. Wanne ne?"

Ta ɗora yatsa a kan wani layi, ta ɗan yi jim, ta matsar da shi zuwa na ƙasa, sannan ta janye hannun ta ajiye a cinya.

"Wallahi ban gane nawa ba," ta ce.