Sallahun Ummi a Gindin Dutse

A unguwarmu ta Misfala, a ƙasa mai tsarki, ba a tafiya dutse hannu rabbana. In za ka Arfa ko Hira, maƙwabta sai sun ɗora maka sallahun addu'a, wannan haihuwa, wancan miji, kamar kai ne motar kaya. Shi ya sa da kamfanin tafiye-tafiyen da nake wa aiki ya ce in raka wasu attajirai ƙasar Nefal, zuwa sansanin da ke gindin wani dogon dutse mai ƙanƙara, na ɓoye maganar. Mahaifiyata Ummi kaɗai na faɗa wa.

Lokacin idonta ya fara dushewa, da muryata take gane ni.

"Wane Annabi ne ya hau shi, ya waladi, ɗana?"

"Babu, Ummi. Kallo kawai ake zuwa."

"Ikon Allah. To halas, shi ke nan, in ka kai can ƙoli, ka roƙa mini idona. Can ya fi kusa."

Na buɗe baki in ce mata mu a gindi za mu tsaya, sai na ga yadda take murmushi. Na kasa.

Tafiyar kamar a mafarki na yi ta. Attajiran nan ko gorar ruwa ba sa ɗauka, 'yan dako sun yi gaba da komai. Duk inda muka yada zango mu tarar da tanti mai ɗumi, darduma a shimfiɗe, shayi yana tururi. Har wani mai matsa musu ƙafa aka ɗauko, abin da ya riƙa ba ni haushi ke nan. Da muka ƙara sama iska ta yi ƙaranci, kaina ya yi sakayau. Ina tafe ina gyangyaɗi, fararen duwatsu suna shawagi a gabana kamar alhazai cikin harami. Wata safiya na tsinci kaina a tsugune ina tsintar tsakuwa, na ɗauka a Muzdalifa nake.

Da muka isa sansanin kowa ya hau ɗaukar hoto. Ni kuwa na ɗaga kai, ƙolin yana can cikin gajimare, ko alamarsa babu. Na roƙi jagoranmu ya bar ni in ƙara gaba ko kaɗan ne. Ya dubi leɓena da ya yi baƙi, ya girgiza kai, ya miƙo mini wayarsa in kira gida. Zuciyata ta karye.

"Ka kai saman?" in ji Ummi, muryarta tana zuwa tana yankewa.

"A gindi nake, Ummi. Nan ne iyakarmu. Ba a hawa."



"Ma'alesh, ba komai," ta ce. "Ka dai miƙe hannunka sosai, ya ɗan ƙara tsawo."

Na ajiye wayar a kan ƙanƙara, na yi ɗage a kan yatsun ƙafata, na miƙa hannuwana sama ina kuka.