Jinin da Aka Nema wa Umma

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Litinin Yaya ya fito daga ɗakin ɗiban jini. Na san lokacin domin akwai agogo a saman ƙofar, kuma shi nake kallo tun shigarsa, don ban san inda zan ajiye idona ba a cikin mutanen da ke kan benci. Duk wanda ya fito kafin shi, hannunsa a lanƙwashe yake, ya danne auduga. Yaya ya fito yana lilo da nasa hannuwan biyu.

Umma ce ke kwance a ɗakin mata. Ƙari ne a mahaifarta, ya daɗe yana sa ta zubar jini, har tafin hannunta ya koma fari. An sa za a yi mata aiki ranar Alhamis, amma likita ya ce ba za a shiga da ita ba sai dangi sun kawo jini an ajiye. Idan ba a samu ba zuwa yammacin Laraba, sai a ba wata gurbin, mu jira wani layin. Shi ya sa na taho daga makaranta ranar Lahadi, na bar jarrabawar gwaji a baya.

Mutum uku ne suka zo bayarwa: Baba, Yaya, da Kawu ƙanen Umma. Bayan Yaya, Kawu ya shiga. Bai daɗe ba ya fito yana gyara hula. Baba ya shiga, ya fi su jimawa, na ji muryarsa ta ɗan ɗaga sannan ta sauka. Shi ma ya fito ba auduga.

Na ce, "Yaya, me suka ce?"

"Sun ce ba yau ba."

"Sai yaushe?"

"Auta, ke lauya ce? Ɗauko kwandon abincin mu tafi."

Muka hau adaidaita zuwa bakin lungunmu na Soron Ɗinki. Baba ya zauna a gaba kusa da direba. Na lura bai jingina ba. Yaya ma a gefena ya tsaya ƙiƙam, ya riƙe ƙarfen sama, kamar kujerar tana da ƙaya.

Ni ba mai yawan tambaya ba ce, ko a aji sai na rubuta abin da zan faɗa kafin in ɗaga hannu. Amma ina da ido, kuma abin da na gani ba ya barina. Lafiyayyun maza uku a gida ɗaya, a rana ɗaya, an sallame su. Da yamma na buɗe wayata na karanta dalilan da ke sa a ƙi karɓar jinin mutum. Wasu ba komai ba ne: zazzaɓi, shan wani magani, ƙarancin nauyi. Idona ya tsallake waɗannan ya maƙale a kan ciwon hanta da ƙanjamau. Na karanta cewa ana iya ɗauke da su shekaru mutum yana cin tuwonsa lafiya.

Daga nan na fara sa musu ido. Da Baba ya ɗago kai yana shan ruwa, na duba farin idonsa ko ya yi ruwan ɗorawa. Na ɗauke abin yanke farcen da kowa ke amfani da shi na ɓoye a jakata. Na ware kofina, sannan kunya ta kama ni na mayar da shi, sannan na sake ɗaukewa. Kawu, wanda kullum sai ya leƙo ya ci ɗumame ya tsokane ni da sunan mijin da ya ce ya ajiye mini, ranar ta wani lungun ya bi. Bayan magariba na ji Baba da Yaya suna magana ƙasa-ƙasa a soro. Da na fito da buta suka koma zancen wutar lantarki.

Washegari na haɗa wanki, tunda ba Umma. A bayan singiletin Yaya na ga ɗigon jini, ƙanana, sun bushe, a jere gida-gida. Na ɗauko na Baba, shi ma haka. Na daɗe a tsugune gaban baho ina juya su. Wace cuta ce ke fitar da jini ta baya? Na wanke su daban, da ruwan zafi.

Da na kai wa Baba abincin rana na tattara ƙarfin halina na ce, "Baba, ko ni in gwada?"

Bai kalle ni ba. "Ke da iska ma take ɗauka? Ba aikin mata ba ne. Ana nema, Allah zai kawo."

A asibiti Umma ta tambaye ni ko an gama maganar jinin. Na ce ana kai. Ta ce, "Yayanki har yanzu tsoron allura yake ko?" Ta yi dariya, dariyar ta ƙare mata numfashi.

Ranar Laraba na sha kunu da ƙosai na ƙoshi, domin na karanta ba a zuwa da yunwa. Ban gaya wa kowa ba na tafi ɗakin ɗiban jinin. Matar da ke wurin babba ce, da tabarau a ƙarshen hanci. Na faɗi gadon da Umma take. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar gidan nan ce da suka zo su uku?"

"Eh, Anti. Don Allah me aka gani a jininsu?"

"Abin da mutum ya gaya mini a nan, a nan yake zama, 'yata. Naki ma haka zai zauna. Hau sikeli. A'a, ajiye jakar littattafan, ba da su zan auna ki ba."

Na haura abin da ake buƙata da ƙyar. Ta auna hawan jini, ta tsira mini allura a yatsa ta duba ko jinina ya kai. Sannan ta shiga tambayoyi. Shekaru nawa? Kina al'ada yanzu? Ciki fa, ko shayarwa? Na sunkuyar da kai, ta ce kowa take tambaya, har mai hijabi zuwa ƙasa. Zazzaɓi kwanan nan? Kina shan wani magani? An taɓa ƙara miki jini? Kin taɓa yin ciwon shawara? Hujin kunne sabo?

"An yi miki ƙaho ko tsaga a 'yan watannin nan?"

Na ce a'a. Sai na ji bakina ya ci gaba da kansa. "Ƙaho yana hanawa?"

"Na ɗan lokaci. Askar da ta shiga jikin wani ta shiga naki tana iya kawo cuta, kuma sabuwar cuta takan ɓuya wa gwaji. Sai a jira watanni a tabbata. Mara lafiya ba ya da ƙarfin ɗaukar ganganci."

Ina kwance ledar tana cika a gefena, ɗigon nan na singileti suka dawo mini a jere. Ƙaho ne. Shi ya sa ba sa jingina. Na ɗan ji sanyi, amma bai daɗe ba, wani zargin ya hau kan na farko. An gaya musu ranar aikin tun da wuri. Me zai sa su uku su kira wanzami ana saura kwanaki? Maganar Umma ta tsoron allura ta dawo mini. Ko wani ne ya raɗa musu cewa wanda aka yi wa ƙaho ba a ɗibar jininsa?

Matar ta sa na zauna na huta, ta ba ni lemo, ta ce in sha ruwa da yawa, kada in ɗauki abu mai nauyi yau. Ta ce za a gwada jinin, idan ya fita lafiya maganar Alhamis tana nan.

A barandar ɗakin mata na tarar da Yaya zaune a bakin dakali, ya sunkuya gaba. Ya ga filastar da ke gwiwar hannuna.

Na zauna nesa da shi kaɗan. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, don haka takalmina na kalla. "Yaya, na ga singiletinka. Kun san ƙaho zai hana, shi ya sa kuka yi?"

Wata mai shara ta zo ta wuce mu.

Ya ce, "Haka kika ɗauke mu, Auta? Ranar Asabar Baba ya kira wanzamin gidanmu, wanda ya yi mana askin suna. Ya ce Umma ta sha wuya, ba za mu ba ta jini da datti a ciki ba, a fara zuƙe mataccen, a bar mata mai kyau. Ni na fara kwanciya a tabarmar."