Sawun ƙafa mai yatsu huɗu

Salamu alaikum ƴan uwa. Yau siminti ya tona mini asiri!

Kun san ana gyara mini tsakar gida. An gama shafen katanga, saura matakalar ɗakina, mai ƙusumbin nan. Shekara ashirin duk wanda ya yi tuntuɓe a kanta sai in ce aikin Malam Isufu magini ne, bai iya ba. Har mutum biyu na hana su ba shi aiki.

To ɗansa Habu ne ke yi mini gyaran. Ɗazu ya sa guduma ya ɓamɓare ƙusumbin. Sai ga sawun ƙafa a ƙarƙashi, raɗau! Yatsu huɗu!

Habu ya dubi sawun, ya dubi ƙafata. Duk unguwa an san hauya ta cire mini ƙaramin yatsa.

Hajiya, maiɗakina, ta ce, "Alhaji, ko aljani ne mai irin ƙafarka?"

Wallahi ni ne. Ranar da Malam Isufu ya yi matakalar, ya ce kar a taka sai bayan kwana biyu. Na taka ina saurin masallaci, na kwaɓa siminti na lafta a kai, na goge da murfin tukunya, na yi shiru.

To yau dai na ɗauki hula na nufi gidan Malam Isufu, na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Alhaji, tun ranar na sani. Wane magini ne ke shafe da murfin tukunya?"

Ya yafe mini. Na ce wa Habu ya bar sawun a buɗe. Duk wanda na taɓa gaya wa Malam Isufu bai iya aiki ba, ya zo ya gani.