Minti Shidan Auwalu da Koriyar Riga

A makon nan Auwalu Ganuwa ya cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa. Bari kuma in faɗa tun daga farko, kada wani ya zo min da gardama daga baya: a duk cikin ganuwar Zariya babu mahaluƙin da ya riƙe tarihin ƙwallon Auwalu kamar ni. Taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, a zaure ɗaya muka sha bulala a Limancin Kona. Ni ne kundinsa, ni ne rediyonsa. Ko babbar rigarsa ta shadda mai aska takwas a hannuna ta ƙare, ita nake sawa duk Juma'a, ina tafe ina baza ta kamar zan tashi sama.

Haka nake bugun ƙirji shekara da shekaru, sai wata uku da suka wuce Hauwa'u ta zo gidana. Ita ce babbar 'yar marigayin, tana koyarwa a wata sakandare a Tudun Jukun. Wai hirar ƙwallo ta tashi a ofishin malamai, ta ce mahaifinta ya taɓa buga wa ƙasa wasa. Wani malami ya zaro waya ya duba, ya sake dubawa, bai ga sunan ba. Aka tambaye ta wa ya gaya mata, ta ce Baba Tanko, wato ni. Cikin rashin sa'a akwai ɗan birni a wurin. Ya ce, "Tankon da ya ce ya ga kada a rijiyar masallaci?" Aka yi ta dariya har aka kaɗa ƙararrawa.

Ta zauna a gabana, ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Ta ce, "Baba Tanko, don Allah yau ban da wasa. Baba ya buga wa ƙasa, ko cikin labaranka ne?"

Na sha zagi a rayuwata, na sha dariya, amma ban taɓa jin abin da ya ƙona min rai kamar wannan tambaya ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Auwalu ɗan baya ne, lamba biyar, irin wanda in ya tare maka hanya gara ka koma gida ka ci abinci. Daga nan sunan Ganuwa ya samo asali. Sai dai ganuwar nan ba ta zama wuri ɗaya. Ya fara a Kaduna, ya koma Jos, sanyi ya koro shi Bauci. Ya yi kaka biyu a Makurɗi, kulob ɗin ya faɗa rukunin ƙasa, kowa ya kama gabansa. A Fatakwal ya ce ruwan sama ya fi 'yan wasa zuwa atisaye. Ya tsallaka Kwatano, daga can wani dillali ya kai shi Sudan, ya dawo da wani Larabcin kasuwa da ya fi ƙwallon ɓata wa Malam mahaifinsa rai. Duk kocin da ya ɗauke shi, ba a daɗe sai a kori kocin, sabon ya zo da nasa ɗan bayan, Auwalu ya sake saɓa jaka. Jakar nan ban taɓa ganin an zazzage ta gaba ɗaya ba. A ƙarshe ya dawo mana da gwiwa ɗaya mai lafiya, ya koma koyar da 'yan unguwa a wani fili kusa da Ƙofar Doka, har ciwon ajali ya same shi.

Abin da ya sa waya ba ta san shi ba kuwa, ai a fili yake. Malam mai karantar da littattafai ne a zaure, ya ce ba zai ji ana kiran sunansa a rediyo ba don wani ya bi fata da gajeren wando. Auwalu bai ja da mahaifinsa ba, ƙwallon kuma bai bari ba. Sai ya ajiye sunan gida. Nan ya yi rajista da Auwalu Zariya, can Auwalu Kona, wani wurin Muhammadu Lawal. Mutum ɗaya ya raba kansa gida huɗu ko biyar saboda ladabi, yanzu kuma wani mai waya yana so ya same shi a dunƙule.

Sau ɗaya aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Wasan sada zumunta ne a wata ƙasa maƙwabciya, manyan da ke Turai ba su zo ba, aka tattara na gida. Ba a nuna shi a talabijin ba. Ana dab da tashi wani ya ji rauni, aka ce Auwalu ya shiga. Da bakinsa ya gaya min: "Tanko, minti shida ne. Sau biyu na taɓa ƙwallo, ɗaya ma ita ta same ni a cinya."

To ni mutum ne mai son ɗan'uwansa. A shekarar farko minti shidan nan suka zama ashirin a bakina. Kafin ya yi ritaya ya riga ya buga rabin wasa. Bayan rasuwarsa, a majalisarmu ta bakin masallaci, ya hana ƙwallo uku shiga raga, ɗaya da ƙeya, har sarkin garin ya roƙe shi ya zauna a ba shi gida da gona. Da ransa yakan ce min, "Ka dinga ragewa, Tanko. Wata rana za ka faɗi gaskiya a rasa mai yarda." Ni kuma in ce masa hassada yake yi wa kansa. Ga shi ranar ta zo, kuma ba a kaina ta faɗo ba, a kan 'yarsa ta faɗo.

Maimakon in yi shiru, sai na dafa ƙirji na ce wa Hauwa'u, "Koriyar rigar da ya buga wasan da ita tana nan. Kafin ranar cikar shekara tara zan ajiye miki ita a hannu." Ta yi godiya ta tafi. Ni kuwa ko a mafarki ban san inda rigar take ba.

Abin da na tuna shi ne, bayan addu'ar arba'in magada sun yafe kayan sawarsa. Aka baza su a tabarma, kowane ɗan'uwa ya ɗauki ɗaya na tunawa, sauran aka ba Malam Iro ladan ya raba sadaka. Na same shi yana sharar masallaci. Ya jingina tsintsiya ya ce, "Masu lamba a baya? Ai buhu guda ne. Maginan da suka yi mana yaɓen katanga na ba, su ke son riga mai shan iska."

Ku dubi wannan al'amari. Rigar ƙasa guda, a ce da ita aka kwaɓa ƙasa.

Na bi maginan nan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rasu, wani ya koma ƙauye, na ukun ya fito min da jar riga ta Makurɗi da yake goge babur da ita. Na zama mai farautar duk wani koren abu a Zariya. A Ƙofar Doka na tare wani ɗan acaɓa na ce ya juya min baya, ya ɗauka kamen babura ake yi, ya kusa zubar da fasinja a kwata. Da na je wurin 'yan gwanjo, wani ya miƙo min koriyar riga sabuwa ya ce, "Malam, a goga mata ƙasa, a wanke sau biyar, wa zai sani?" Ba zan ɓoye muku ba, na riƙe ta na ɗan jima. Sai na tuna yadda yarinyar nan ta ce yau ban da wasa. Na mayar masa.

A yawon nan na yi ta tunanin me Auwalu zai ce da ya ga Zariya ta yau. Filin da yake koyar da yara an jera masa shaguna. Gidajen kallo cike suke, samari suna neman doke juna a kan kulob ɗin da bai san da zamansu ba, sun san sunan karen ɗan wasan Turai da abin da ya karya kumallo da shi, amma ba su san wani ɗan unguwarsu ya taɓa tsayawa ana rera taken ƙasa yana cikin sahu ba. Abin da waya ba ta faɗa ba, a wurinsu bai faru ba. Ni nake kumfar baki. Na san shi da zai yi murmushi ne ya ce a ƙyale su, ya tambaya ko suna miƙa wa juna ƙwallo a ƙasa ko har yanzu dukan sama suke yi.

Mutum ɗaya ce ban tambaya ba, Goggo, mahaifiyarsa. Auwalu ɗan farinta ne, kun kuma san alkunyar iyayenmu. Tunda ta haife shi sunansa bai fito daga bakinta ba, sai "wancan". In ya dawo daga tafiya da tsaraba, ta kau da kai. In aka kunna rediyo ana wasa, ta tashi ta kama daka. Ba a yi mata zancensa yana raye ba, balle bayan ransa. Ni kuma na yanke hukunci cewa tsohuwar da ba ta san gola daga rafali ba, me za ta sani game da riga.

Ranar Juma'ar nan aka yi masa addu'a da safe. Na sa babbar rigata na shiga ɗakin Goggo, inda Hauwa'u take zaune, da niyyar in ce na kasa. Amma kun san halina. Sai na ɓuge da wa'azi: jahilci ya kashe mu, ba mu san darajar tarihi ba, duk wanda ya bari aka jefa rigar nan a buhu ya kamata a kai shi gaban alƙali. Goggo tana ta jan carbinta. Da na tsagaita don in numfasa, ta miƙe, ta sauke kwanukan da ke jere, ta buɗe babbar kwalla ta ƙasa, ta ciro wani ƙunshi a tsohon zane. Ƙanshin kafur ya cika ɗakin.

Koriyar riga ce, lambar bayanta ta fara ɓarewa. A cikinta akwai hoto, 'yan wasa jere sahu biyu, tutar ƙasa a bayansu, Auwalu a ƙarshen sahun baya, an yanke masa rabin kafaɗa. Ba ni ta miƙa wa ba. A cinyar jikarta ta ɗora ta ce, "Ungo, na babanki ne. Hoton kuma, da ya dawo ya ajiye min shi a kan gado ya fita."

Hauwa'u ta daɗe tana kallon hoton, tana shafa gefensa da yatsa. Sannan ta ɗago ta ce, "Minti nawa ne, Baba Tanko?"

Na ce, "Shida."

Ta ce, "Sun isa."

Shekara da shekaru ina ƙara wa mutumin nan mintuna da ƙwallaye, ina ganin taimakonsa nake yi, ashe abin da ya rage nasa bai buƙaci ƙarina ba. Ya yi yawon garuruwa bai ɗaga kofi ba, ya ajiye sunan gidansu don kada ran mahaifinsa ya ɓaci, ya samu minti shida ya tsaya a kansu bai ƙara ko ɗaya ba. Wadda kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ita ce take sauya wa rigarsa kafur duk shekara.

Da na tashi a nan da na fita da mutuncina. Amma sai na gyara babbar riga a kafaɗa na ce, "To Goggo, wane marar hankali ne ya bar rigar nan a tabarma har ta kusa shiga buhu?"

Tana mayar da murfin kwalla, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Kai aka fara miƙa wa, Tanko. Ka ɗaga ta ka ce singileti ce, ba za ta rufe maka tumbi ba, ka ɗauki wannan da ke jikinka."