Yankakken Karas a Filin Fuchu

Duk shekara, ranar babban tseren dawaki na kan yashi, Tsuneo mai shara yana ganin wani tsoho gaban dutsen tunawa da dawakin da suka mutu a filin. Gajere ne, ƙafafunsa sun yi baka irin na wanda ya girma kan sirdi. Karas yake ajiyewa, yankakke ƙanana.

Bana sai Tsuneo ya tambaye shi: "Baba, mataccen doki ma sai an yanka masa?"

"Ba ya tsayawa ya tauna, ɗana. Gaggawa gare shi."

Ihun jama'a ya tashi. Tsohon bai waiwaya ba, amma hannayensa sun dunƙule, suna ja baya a hankali kamar masu riƙe da linzami, kamar har yanzu da sauran lokacin tsayar da dokinsa.