Kara da Ƙara: Shekara Huɗu Babu Jan Biron Gwaggo

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Gwaggo Talatu, yayar mahaifina, wadda marubutan Funtua suka fi sani da Malama Mai Jan Biro. Tun bara nake son in rubuta wani abu a kanta, na kasa. Bana ma da ban rubuta ba, ba don abin da ya same ni wata biyu da suka wuce ba. Har yanzu in wayata ta yi ruri sai na tsaya ina kallonta kafin in ɗauka.

Wata Asabar ce da hantsi na kai niƙa. Mata biyar ne a bakin injin suna ta hira, ina isowa suka yi tsit. Na gaishe su, suka amsa a taƙaice. Wata da muka taso tare ta janye kwanonta daga kusa da nawa. A ƙauyenmu, wanda ba zan kama sunansa ba, yana dai tsakanin Funtua da Malumfashi, ba a yi wa mutum irin wannan shiru a banza. Kafin a zuba masarata a inji, na riga na san akwai magana.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane. A hannun Gwaggo na yi sakandare a Funtua. Malamar Hausa ce, da ta yi ritaya masu rubuta littattafai suka riƙa kawo mata aikinsu ta duba kafin a kai maɗaba'a. Ni take sawa in karanta mata da baki, ita kuma ta lumshe ido tana saurare. Duk inda na yi tuntuɓe sai ta ce in miƙo, ta ja layi, wai inda harshe ya sarƙe can idon mai karatu zai sarƙe. Ba ta mayar wa kowa rubutunsa a makon da ya kawo. Cewa take rubutu kamar daddawa ne, sai ya kwana a rufe ake sanin ko ya yi ko ya ruɓe.

Amma babban faɗanta a kan ƙugiya yake, wannan 'yar lanƙwasa da ke raba ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. Wani saurayi ya taɓa kawo mata littafi guda babu ƙugiya ko ɗaya, ya ce ai kowa zai gane daga yadda zancen ya tafi. Gwaggo ta cire tabarau ta dube shi.

"Ɗana, in ka bar ƙugiya ko'ina, mai karatu zai rataya ta inda ya ga dama. Kuma ba kowane mai karatu ke sonka ba."

Dariya na yi a lokacin. Yarinya ce ni.

Bayan rasuwarta na koma gida, na shiga wani zauren marubuta a waya. A can ba mai sa ƙugiya, ba mai barin rubutu ya kwana. Ka rubuta da safe, ka tura da azahar, kafin la'asar yabo ya cika maka ido. Da kaka ta shigo na rubuta ɗan labarin girbi a ƙauyenmu, har da sunan Baba, don in faranta masa. A ciki akwai layi ɗaya: "Ranar Laraba Baba ya kai kara wurin sojojin bakin kwalta." Gaskiya na rubuta. Mai gari ne ya ce kowane gida ya kai dami biyu na karan dawa a yi wa rumfarsu danga, Baba ya kai namu.

Kwana biyu bayan haka sojoji suka kama wani mutumin garinmu, ana zarginsa da kai wa mutanen daji fetur. Sai wani ya yanko wannan layi nawa shi kaɗai, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. A teburin mai shayi aka karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, mai karantawar kuma ya ce ƙara. Baba ya kai ƙara wurin sojoji, 'yarsa ta rubuta da hannunta. Me zan ce? A rubutun nan gaba ɗaya babu ƙugiya ko guda, ba ni da abin da zan nuna in ce duba, da ƙara nake nufi da na lanƙwasa ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni ce kuwa na tsaga bangon.

Wanda aka kama yana da ƙane da ake cewa yana daji. Ranar da na dawo daga niƙan nan wani ɗan acaɓa ya tsaya ƙofar gidanmu, bai sauka ba, ya ce daga daji aka ce a gaya wa mai rubutun, rubutunta ya iso. Kafin la'asar Baba ya sa ni a mota zuwa Funtua. Shi ya ƙi tafiya. Ya ce in ya gudu ya amsa laifin ke nan.

Kwana goma sha tara na yi a ɗakin Gwaggo, inda ɗanta da matarsa ke zaune yanzu. Ban leƙa ƙofar gida ba. In an yi sallama sai in shige bayan labule. Abinci ba ya shiga, don haka na janyo akwatinta na ƙarfe, cike da rubuce-rubucen da masu su ba su dawo sun karɓa ba, na yi ta karanta jan bironta a gefen shafi. "Wa ke magana a nan?" "Ka faɗa sau biyu, cire ɗaya." A wani shafi ta zagaye sunan wani mutum ta rubuta: "Yana raye? Ya yarda?" Nan na ajiye takardar na yi kuka.

Na yi ta tambayar kaina me za ta ce da zamanin nan. Ba na jin za ta zagi waya, mace ce mai son sabon abu. Amma na san za ta tambaya, wa ya karanta kafin ki tura? Da ta ga layina, kalma ɗaya za ta ce in ƙara, karan dawa, shi ke nan. Ko ta tambaye ni me ya kai sunan ubana kusa da sojoji a irin wannan lokaci. Mu da muke rubutu a wannan yanki ba ma rubutu a inda kuskure ke tsayawa a takarda. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa iska ce ke zarar ta.

Don haka 'yan'uwana marubuta, ba malama ba ce ni, iyakata sakandare. Amma ku sa ƙugiya, ko da wayar za ta ba ku wahala. Ku ba wanda ba ya wurin da abin ya faru ya karanta muku da baki, ku ji abin da zai fito daga bakinsa, ba abin da ke cikin ranku ba. In ba ku da Gwaggo, ku zama Gwaggon juna, ku rage yabo.

Babu littafin da ke ɗauke da sunan Gwaggo a bango. Abin da ta bari shi ne kurakuran da ba su taɓa fita ba, da fitinun da ba su tashi ba, waɗanda ba mai iya ƙirgawa. Ban san nauyin wannan ba sai da na ɗauki nawa.

A ƙauye kuwa, Baba ya yi ta neman yayan wanda aka kama, mutumin yana ƙin ganinsa. Sai da liman ya shiga tsakani suka zauna a zaurensa. Baba ya tambaye shi amalanken wa aka ara a gidanmu ranar Larabar nan, kuma me aka ɗora a kai. Ashe amalanken mutumin ne, shi ya ma taya ɗaurin damin. An ce ya dafe kai yana ta salati. Shi ya aika wa ƙanensu da ke daji, amsa kuma ta ɗauki kwana huɗu.

Ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, ina wanke-wanke wayar ta yi ruri. Na tsaya ina kallonta har matar gidan ta ɗauka ta kara mini a kunne.

"Uwata," in ji Baba. "Magana ta mutu. Ki haɗa kayanki ki taho gida."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma in za ki sake rubuta ni, ki kira ni tukuna ki karanta mini, in ji abin da na kai."